Zagayen Farar Wuta a Gonakinmu da Jikinmu

(Kiɗan buɗe shiri)

Ina gaida manoman Ƙaura Namoda da na Shinkafi da Zurmi, ina gaida mutanen Moriki da Dauran da Jangeru da Kurya, da 'yan uwanmu da ke saurarenmu daga wuraren da gudun hijira ta kai su. Allah Ya maido mana da zaman lafiya, Ya mai da kowa gonarsa.

Yau a kan farar wuta za mu tattauna. Kun san ta, dutsen nan mai ruwan ɗorawa mai saurin gutsurewa da ake gani a shimfiɗar masu magungunan gargajiya, wanda ake dakawa a kwaɓa da man kaɗanya a shafa wa mai ƙazwa. 'Yan boko na kiranta salfa. To, ba a kasuwa kaɗai take ba. Tana cikin ƙasar gonarka, tana cikin tuwon da ka ci jiya da dare, tana cikin gashin kanka. Babban mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da kimanin giram 140 nata a jikinsa. Abin da nake so mu bi sawunsa shi ne yadda take shiga jikin, da yadda take komawa ƙasa, da kuma wuraren da hanyar komawar ta tsinke a wannan yanki namu.

Mu fara da abin da hanci ya sani. Washegarin Babbar Sallah, idan aka ɗora kan rago da ƙafafunsa a wuta ana babbaka, gashin yana ƙanƙancewa yana tartsatsi, ƙauri ya cika unguwa har ya kama tufafi. Wannan ƙaurin, wanda ya sha bamban da na itace ko na kara, farar wutar da ke cikin gashin ce ke fita. Gashi da farce da ƙaho da kofato da gashin kaza duk da abu ɗaya aka gina su, kuma farar wuta ce ke ɗaure zarurrukansa da juna har ya yi tauri. Haka idan uwargida ta yanka albasa hawaye ya zubo mata, wani tururi ne mai ɗauke da farar wuta ya tashi ya shiga idonta. Ƙarfin tafarnuwa ma daga nan yake. Masu noman albasa a fadamun Shinkafi su riƙe wannan: albasar da ta samu isasshiyar farar wuta a ƙasa ta fi yaji da ƙamshi.

A cikin jiki, tana zaune ne a biyu daga cikin tubalan da ake gina furotin da su, wato sinadarin gina jiki. Sunayensu metiyonin da sistin. Jikin ɗan Adam ba ya iya ƙera metiyonin da kansa, dole sai ya ci. Ƙwai da nama da kifi da nono suna da shi sosai. Wake, duk da yawan furotin ɗinsa, yana da ƙarancinsa. Gero da dawa da shinkafa kuwa suna da shi daidai gwargwado, amma sun gaza a wani tubalin da wake ya fi su. Shi ya sa shinkafa da wake, ko ɗanwake, ko kunun gero da ƙosai, abinci ne mai cika juna. Iyaye mata da ke yaye yara, wannan naku ne: kunu zalla ba ya isar yaro, a haɗa masa da wake ko gyaɗa, a ƙara da ƙwai ko nono idan da hali.

To ina gero ya samo tasa? Daga ƙasa. Amma ko ka daka farar wutar kasuwa ka barbaɗa a gindin shuka, saiwa ba za ta sha ta a ranar ba. Shuka na shanta ne idan ta rikiɗe ta zama wani gishiri mai narkewa a ruwa da ake kira salfet. Masu wannan aikin kuwa ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune miliyan bisa miliyan a cikin tafin hannu ɗaya na ƙasa. Wani masani ɗan ƙasar Rasha mai suna Winogradsky ne ya nuna, tun a 1887, cewa akwai ƙwayoyin da farar wuta ce abincinsu, da ita suke samun ƙarfin rayuwa.

Ga maganar da nake so kowane manomi ya ajiye a ransa. A ƙasar saman gona, kusan kashi tara cikin goma na farar wuta ba a cikin yashi take ba, ba kuma a cikin laka ba. Tana cikin ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi da kashin dabbobi, abin da ke sa ƙasa ta yi duhu ta yi taushi. A rani ƙwayoyin nan suna kwance. Da ruwan farko ya sauka sai su farka su hau aiki, su warware ruɓaɓɓen abin nan, salfet ya fito, saiwa ta sha. Shuka ta gina ganye da ƙwaya, mutum da dabba su ci, jiki ya ɗauki abin da yake bukata, saura ya fita, akasari ta fitsari. Kara ya faɗi, gara ta ci, kashin shanu ya ruɓe, komai ya koma inda ya fito. Adashi ne, jama'a: kowa na zubi, kowa na kwasa, kuma ranar da masu kwasa suka daina zubi, to adashin ya mutu.

(Ɗan gajeren kiɗa)

A inda ruwa ya kwanta iska ba ta shiga, labarin yana juyewa. Ku je bakin Gagare ko Bunsuru bayan ruwa ya janye, ko wata fadama da ruwa ya daɗe a kwance, ku soka sanda cikin taɓo ku zaro. Sama-sama taɓon ruwan ƙasa ne, can ciki baƙi ƙirin, kuma warin ruɓaɓɓen ƙwai zai bugi hanci. Wasu ƙwayoyin ne na daban, masu rayuwa inda babu iskar shaƙa, suke mai da salfet wata iska mai wari da ake kira haidirojin salfaid. Idan ta gamu da ƙarfen da ke cikin taɓo sai ya yi baƙi. Ita ce kuma ke baƙanta zoben azurfa. Mai noman shinkafa, idan ka ga shukarka ta tsaya cik ka tuge ɗaya ka ga saiwarta ta yi baƙi tana wari, wannan iskar ce ke shaƙe ta. Ka buɗe wa ruwan hanya na 'yan kwanaki ƙasa ta sha iska, kuma kada ka binne ɗanyen ciyayi mai yawa dab da sakin ruwa a fili.

A nan dole in tsaya in ja kunne, domin maganar rai ce. Wannan iskar tana taruwa a ramin masai da na sokawe da tsohuwar rijiyar da aka daɗe ba a ɗiba ba. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka a ƙasan rami take kwanciya. Mugun halinta kuma shi ne, idan ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta wuce alhali a lokacin ne ta fi ƙarfi. Shaƙa kaɗan sai ya yanke jiki ya faɗi. Kun sha jin labarin: wayar salula ko akuya ta faɗa rami, saurayi ya shiga bai fito ba, ɗan'uwansa ya bi shi, maƙwabci ya bi na biyun, gida ɗaya a yi jana'iza uku. Kada kowa ya shiga irin wannan rami sai an buɗe shi ya daɗe yana shan iska, sai da igiya a ƙugunsa, da ƙarfafan mutane a sama riƙe da ita. Idan wani ya faɗi a ciki, kada tausayi ya sa ka dira. A jawo shi da igiya ko ƙugiya, a fitar da shi sarari, a garzaya asibiti. Kada kuma a kunna ashana a bakin masai don a leƙa, iskar da ke ciki tana kamawa da wuta.

Asalin farar wuta dai daga duwatsu ne, inda take haɗe da ƙarafa, ruwa da iska suna gutsurarta a hankali shekaru aru-aru. Mu Zamfarawa mun ɗanɗani ɗacin wani ɓangare na wannan. Dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a yi tozali, mafi yawansa a ƙasar nan dalma ce haɗe da farar wuta. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, an riƙa kawo duwatsun zinari masu dalma cikin gidaje ana niƙawa, ƙura ta cika tsakar gida inda yara ke rarrafe, aka rasa yara fiye da 400. Ba farar wutar ce ta kashe su ba, abokiyar zamanta ce, dalma. Don haka duk mai aikin haƙar ma'adinai kada ya kawo dutse ko kayan aikinsa cikin gida. Kakanninmu mata, Allah Ya ƙara muku lafiya, ina roƙonku da girmamawa: a daina sa wa jarirai tozalin dutse. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki, kuma gubar dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa taɓawar da ba ta warkewa.

Akwai kuma hanyar sama. Ƙananan tsirran teku suna sakin wata iska mai farar wuta, duwatsu masu aman wuta suna fesa ta, hayaƙin man fetur da gawayin masana'antu ma haka, sannan ruwan sama ya wanko ta ya dawo da ita ƙasa. Da dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta a 1991, hayaƙin farar wutar da ya watsa can ƙololuwar sama ya tare hasken rana har zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri na wani ɗan lokaci. Masu bincike da dama ma suna ganin hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana da hannu a farin da ya addabe mu a 1973 da 1984, domin ya sanyaya tekun Atilantika ta arewa, damina ta kasa hawowa yadda ta saba. A can Turai hayaƙin ya yi yawan da ruwan sama ya zama mai tsami yana kashe dazuzzuka, amma yana zuba wa gonakinsu farar wuta kyauta. Da suka tsabtace masana'antunsu daga shekarun 1980, sai manoman Ingila da Jamus suka koma sayenta a buhu.

Mu fa? Muna nesa da teku, ba mu da manyan masana'antu. Masu bincike a Samaru ta Zariya sun tari ruwan sama sun auna a farkon shekarun 1970, suka tarar abin da yake saukar wa hekta guda a shekara bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. Ƙurar hunturu tana ƙara ɗan wani abu. Amfanin gona mai kyau kuwa, masara ce ko gyaɗa, yana ɗebe kilo goma ko fiye daga wannan hektar a damina guda. Kun ga ke nan sama ba za ta biya mana ba. Ƙasarmu ta jigawa kuma yashi ce, ba ta riƙe salfet. Ruwan Agusta yana tafiya da shi can ƙasa inda saiwar ƙaramar shuka ba ta kaiwa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu mu lissafa ta ina muke yoyo. Tun da layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka riƙa hawa jirgi zuwa bakin teku. Ƙwayar gyaɗa da angurya duk masu yawan furotin ne, wato kowane buhu ya tafi da farar wutar gonakinmu, kuma ba ta dawo ba. Yau jirgin ya tsaya, amma manyan motoci na fita da wake da hatsi da dabbobi daga kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis. Wannan ba abin zargi ba ne, domin sai an sayar ake samun na cefane. Sai dai kuma harawa ma ana sayarwa, kara ana yin danga da girki, ɗan abin da ya rage a gona sai a tara lokacin sharar gona a cinna masa wuta. Wutar nan ita ta fi ba ni takaici. Toka tana da amfaninta, amma kaso mai yawa na farar wuta da naitirojin ba sa zama cikin toka, hayaƙi suke bi su tafi.

A da akwai abin da ke cike giɓin. Bayan an gama kaka, makiyaya su shigo da shanu su ci kara, su yi mashekari a tsakiyar gona, su yi makonni suna kwana a nan, mai gona ya ba su damin dawa ko na gero. Dattawa sun san yadda hatsi ke yi a gurbin mashekari: ganye baƙi-baƙi, zangarniya mai nauyi, har shekara biyu ko uku ana cin albarkar wurin. Shanun nan ciyawar daji suke ci da rana su zo su sauke ta a gona da dare, wato suna kwaso farar wutar daji suna kai wa tudu. Rikicin da ya daɗe yana cin yankinmu ya raba mutanen da suka yi zamanai suna wannan musaya. Asarar rayuka ita ce kan gaba, babu abin da ya kai ta. Amma ina so masu zaman sulhu da sarakunanmu, Allah Ya ja zamaninsu, su san cewa ƙasar noma ma tana cikin masu jin jiki, kuma ranar da aka zauna gyara, maganar shigar shanu gona bayan kaka bisa yarjejeniya ta cancanci a sa ta a faifai.

Sai takin zamani. Tun a shekarun 1950 gwaje-gwajen da aka yi a Arewa suka nuna gyaɗa tana amsa farar wuta ƙwarai. Takin da aka yaɗa a lokacin shi ne supa, kuma a kowane buhu mai kilo 50 akwai kimanin kilo shida na farar wuta, ban da fosfaras da sinadarin da ke cika kwanson gyaɗa. Har masana'antarsa aka kafa a Kaduna a shekarun 1970. Akwai kuma takin salfa, wanda kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa farar wuta ce. Iyayenmu suna zuba waɗannan suna biyan bashin ƙasa ko da ba su san sunan bashin ba. Daga baya yuriya ta mamaye kasuwa, domin naitirojin ɗinta kashi 46 ne cikin ɗari, na salfa kuwa 21. Amma yuriya ba ta da farar wuta ko ƙanƙani. Kamfa samfurin 20-10-10 da aka riƙa haɗawa a shirin takin gwamnatin tarayya da aka ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016, ita ma babu abin da aka sa mata domin farar wuta.

To yaya za ka gane gonarka tana wannan yunwar? Ka shiga da safe ka tsuguna gaban shuka guda, ka dube ta daga ƙasa zuwa sama. Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara yin ruwan ɗorawa, na sama suna kore, naitirojin ne ya gaza, yuriya za ta yi magani. Idan kuwa na ƙasa suna nan kore, sababbin ganyen da ke fitowa daga tsakiya ne suka koɗe, shukar ta yi siririya ta ƙi tsawo, to ka zargi farar wuta. Dalili shi ne shuka tana iya janye naitirojin daga tsohon ganye ta kai wa sabo, amma farar wuta ba ta saurin tashi daga inda ta zauna. A irin wannan gonar ne manomi zai yi ta ƙara yuriya yana cewa takin bana jabu ne, alhali shukar ba ta iya gina furotin da naitirojin kaɗai. Kowane kashi goma sha biyar nasa yana neman kimanin kashi ɗaya na farar wuta. A gyaɗa da wake kuma, tuge ɗaya ka duba 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa, ka fasa da farce. Masu aiki cikinsu ja-ja ne. Idan ƙanana ne, 'yan kaɗan, cikinsu fari, ba sa jawo naitirojin daga iska, kuma ƙarancin farar wuta yana cikin abubuwan da ke jawo haka.

Abin yi na farko ba ya bukatar kuɗi. A rage ƙona sharar gona. A bar ta a kwance ko a zuba a ramin taki. Masu turke a gida, ku shimfiɗa wa dabbobi ƙaiƙayi ko karmami ya shanye fitsari, domin rabo mai yawa ta nan yake fita. Kada a bar tarin taki a fili ruwa yana dukansa yana gangarewa kwata. A rufe shi, ko a kai gona da amalanke a baza kafin ruwa ya sauka. Wanda takinsa bai isa gona duka ba, ya zuba gurbi-gurbi inda zai shuka.

Na biyu, idan za ka sayi taki, ka karanta buhu ko ka sa ɗanka ya karanta maka: a nemi harafin S bayan lambobin. Mai gyaɗa da wake ya nemi supa, ya sa tun lokacin shuka. Mai masara da shinkafa yana iya maye wani ɓangare na yuriyarsa da takin salfa. Na ce wani ɓangare, domin gwajin taki mai dogon zango da aka fara a Samaru tun 1950 ya nuna cewa zuba salfa shekara da shekaru ba tare da takin gargajiya ba yana sa ƙasa ta yi tsami. Akwai kuma jifsam, farin dutsen da ake haƙowa a yankin Dange da Wurno a jihar Sakkwato ana kai wa kamfanin siminti. Idan aka niƙa shi aka barbaɗa wa gyaɗa lokacin da ta fara fure, yana ba ta farar wuta, ya kuma rage yawan kwanso marar ƙwaya.

Kada kuma ka zuba kuɗinka duka don ka ji a rediyo. Ka ware kunya biyar a gonarka ka sa musu supa ko takin salfa, ka bar biyar na kusa da su yadda ka saba. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma ɗaya. Bayan mako uku ka kira malamin gona ko maƙwabcinka ku duba launin ganye tare. Idan kaka ta yi, ka girbe su daban-daban ka auna da tiya, sannan ka yanke shawarar abin da za ka saya baɗi.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu, za mu ɗauki maganar haƙa ramin taki da yadda ake juya shi har ya nuna.

(Kiɗan rufe shiri)